Ƙararrawa uku a hanyar Leadville

Kawu ya zo Amurka ganin jikoki, amma bai daɗe ba ya fara ƙorafin cewa an kawo shi ƙasar da ba a ganin komai sai bango da talabijin. Mutum ne da ya yi aikin lantarki a NEPA har ya yi ritaya, ƙafarsa ba ta saba da zama wuri ɗaya ba. Saboda shi na ari motar wani abokin aikina, irin ta tafi-da-gidanka ɗin nan da Amurkawa ke kira RV, mai gado a saman kan direba, da kicin, da banɗaki, da teburin cin abinci da ake naɗewa ya koma gado da dare. Niyyarmu mu tashi daga arewacin Indiyana a ƙarshen Satumba, ni da shi da uwargida da yara, mu kai garin Leadville a duwatsun jihar Kolorado kafin dusar ƙanƙara ta fara rufe hanyoyi.

A Elkhart muka ɗauki motar, garin da aka ƙera ta. Baƙo zai ɗauka ƙaramin gari ne kawai a tsakiyar gonakin masara, alhali mafi yawan irin waɗannan motoci da ke yawo a titunan Amurka daga nan da ƙauyukan kewaye suke fitowa. Kamfanonin Thor da Forest River nan hedikwatarsu take, Jayco kuma na Middlebury, ba nisa. Abin da ya fi ba Kawu dariya shi ne da ya ji cewa da yawa daga ma'aikatan masana'antun 'yan Amish ne, mutanen da addininsu ya hana su tuƙa mota. Muka ga kekunan dokinsu baƙaƙe a gefen titi. Ya ce, "Wato su ƙera wa wasu gida mai taya, su koma gida a kan doki. Allah mai iko."

Muka ratsa kudancin Shikago cikin cunkoso, muka kama babbar hanya mai lamba 80, muka tsallake kogin Misisipi zuwa jihar Ayowa. A Walcott muka yada zango, a tashar manyan motoci da ake kira Iowa 80, wadda ke kiran kanta mafi girma a duniya. Akwai wurin aski a ciki, da likitan haƙori, da gidan tarihin tsofaffin tireloli. Muka yi sallolinmu ƙasaru, muka ci tuwon da uwargida ta ƙullo daga gida, muka kwanta.

Cikin dare wani abu ya fara yin "ƙit" a cikin motar. Ƙara ɗaya, sai shiru na ɗan lokaci, sai wata. Kawu ne ya fara tashi da tocilarsa, wadda ba ya rabuwa da ita ko a ƙasar da ba a ɗauke wuta. Ya bi sautin har ƙarƙashin kabad ɗin kicin, dab da ƙasa, inda wata 'yar na'ura mai faɗin tafin hannu ke ƙifta fitila. Ita ce ke sansano yoyon gas ɗin girki. A fuskarta an buga watan da wa'adinta zai cika, kuma watan da muke ciki ne. Ba yoyo take faɗa ba, sanarwa take yi cewa ta tsufa.

Tunda an riga an tashi, sai Kawu ya ce a duba sauran. Ya murɗo na'urar gano hayaƙi daga silin, ya juya bayanta. Ranar da aka ƙera ta tana nan a rubuce, ta haura shekara 12. Ta uku tana jikin bangon ɗakin kwana na baya, ita ce ta iskar kabon monoksaid, iska mai guba da ke fitowa idan mai, gas ko gawayi bai ƙone sosai ba. Da muka buɗe murfinta, gurbin batir fayau, babu komai. Da alama ita ma ta taɓa yin irin wannan kuka a wani dare, wani ya cire mata batir don ya samu barci, aka mayar da ita bango ta zama ado.

A kan ta hayaƙin muka yi musu da Kawu da safe, muna shan shayi tsakanin tireloli. Ya danna maɓallin gwaji, ta kwarma ihu har ƙaramar yarinyar ta toshe kunne. Ya ce, "To ga shi nan, lafiyarta ƙalau. Ku mutanen nan kun koyi zubar da abu mai rai." Na ce, "Kawu, maɓallin nan batir da lasifika da 'yan wayoyin ciki yake gwadawa. Ba ya faɗa maka ko hancinta na jin hayaƙi har yanzu." Ya yi shiru yana juya ta a hannu, can sai ya ce, "Wato kamar ka danna hon ka ce injin lafiya lau." Daga nan bai ƙara musu ba, sai dai ya so ya san abin da ke lalacewa a ciki, don shi ba ya yarda da magana sai ya ga inda take fitowa.

Abin da ke lalacewa ya bambanta. Ta hayaƙin da muka ciro tsohon samfuri ce mai ɗan ƙwayar sinadarin amerisiyam 241 a ciki, wanda ke sa wata siririyar wuta ta riƙa ratsa iskar da ke tsakanin faranti biyu. Hayaƙi na shiga sai wutar ta ragu, ƙararrawa ta tashi. Ƙura da maiƙon girki da ƙananan ƙwari suna taruwa a wurin shekara da shekaru, shi ya sa ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta ce a canza kowace irin wannan na'ura idan ta cika shekara 10 daga ranar ƙira. Ta kabon monoksaid kuwa wani ɗan ruwan sinadari ne a cikinta, iskar na taɓa shi sai ya ba da wuta daidai yawanta. Ruwan yana bushewa a hankali, yawanci tsakanin shekara 5 zuwa 7, wasu sababbi su kai 10. Mota kuma ba gida ba ce. Tana wuni a rufe cikin zafin bazara, ta kwana cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, ga jijjigar hanya. Duk abin da zai tsufa a gida, a mota ya fi saurin tsufa.

Na kira mai motar na gaya masa. Ya ce mu canza duka ukun, zai biya.

Muka ci gaba yamma. Ayowa masara ce da waken soya da dogayen fankokin samar da lantarki, har ido ya gaji. Bayan mun tsallake kogin Missouri zuwa Nebraska muka tsaya a wani shagon kayan irin waɗannan motoci. Na ɗauko na'urar kabon monoksaid ta gida mai araha da na gani a wani kanti tun farko na nuna wa dattijuwar da ke sayar da kaya, na tambaye ta bambanci. Ta juya kwalin tata ta nuna mini inda aka rubuta cewa an gwada ta don amfani a RV. Ma'aunin ɗaya ne, UL 2034, amma waɗanda aka amince a sa a mota ana ƙara gwada su da zafi da sanyi da jijjiga fiye da na gida. Na zaɓi mai ɗan allo da ke nuna lamba. Kawu ya ga bambancin kuɗin ya ɗaga gira, na ce masa zai ga amfaninta. A gaskiya a lokacin son ganin lamba ne kawai ya sa na ɗauke ta.

Ta hayaƙi kuma uwargida ce ta yanke hukunci. Akwai mai aiki da haske, wadda ke da ɗan fitila a ciki, hayaƙi na shiga sai ya watsa hasken ya faɗa kan idon na'urar. Irin wannan ta fi saurin jin wutar da ke cin katifa ko waya a hankali ba tare da harshe ba, kuma ba ta cika tashi a banza don an soya albasa ba. A cikin motar da taku uku ne tsakanin murhu da silin ɗin da na'urar take, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta ce, "Maigida, idan duk lokacin da na zuba manja a tukunya za ta yi mini ihu, wallahi da hannuna zan cire batirin." Ta faɗi gaskiyar da ke kashe mutane. Ƙididdigar NFPA ta nuna kusan uku cikin biyar na masu mutuwa a gobarar gida a Amurka, a gidajen da babu ƙararrawa ne ko akwai amma ba ta aiki. Na'urar da ke damun mai girki ba ta daɗewa da batir.

Aikin a kusa da Kearney muka yi shi, a wani sansani a bakin kogin Platte, bayan mun wuce ƙarƙashin ƙaton ginin tarihin nan da aka gina a kan babbar hanya kamar gada. A watan Maris dubban ɗaruruwan tsuntsaye dangin gauraka suna sauka a wannan kogi kan hanyarsu ta zuwa arewa. Mu ba mu zo a lokacinsu ba, sai rairayi da ruwa marar zurfi da iska.

Biyu daga ciki ba su da wuya. Ta hayaƙi a silin, nesa da lungu, domin iska ba ta zagayawa a kusurwa. Ta kabon monoksaid kusa da inda ake kwana, a tsayin da mutum zai iya karanta allon. Mutane da yawa sun ɗauka wannan iska ƙasa take kwanciya, alhali nauyinta kusan ɗaya ne da iskar da muke shaƙa, cakuɗewa take yi ta cika ɗaki. Wanda ke kwanciya ƙasa shi ne gas ɗin girki, furofen, wanda ya fi iska nauyi da kusan rabi, shi ya sa na'urarsa take dab da daɓe.

Ita ce kuma ta ba Kawu aikin da yake nema tun da ya sauka a ƙasar. Ba ta da batirin kanta, daga babban batirin motar mai bolt 12 take shan wuta. Ya sa na rufe tukunyar gas, ya nemo akwatin fis ya zare nata, sannan ya kwance sukurori biyu ya jawo ta. Wayoyin sabuwar ja da baƙa ne, na jikin motar kuma baƙa da fara. Na miƙa hannu zan taya shi riƙewa, ya ce, "Dakata, ɗana. Launi ba shaida ba ne." Ya mayar da fis na ɗan lokaci, ya ɗora mitarsa. Baƙar wayar motar ita ce mai wuta, farar ita ce ta komawa, domin masu ƙera waɗannan motoci sukan bi tsarin launin wayar gida ne. Wanda ya haɗa baƙa da baƙa don sun yi kama ya juya wutar ke nan. Ya sake zare fis, ya haɗa ja da baƙa, baƙa da fara, ya matse su da 'yan bututun haɗi maimakon ya murɗa ya naɗe da salatif. Ya ce abin da aka murɗa da hannu, hanya za ta kwance shi. Da aka mayar da wuta, fitilar ta yi ta ƙiftawa na 'yan mintuna tana ɗumama, sannan ta tsaya a kore.

Bai tsaya nan ba. Ya zagaya waje da tocila ya leƙa bututun da hita ke fitar da hayaƙinta, ya ce zanzaro na son gina gidan laka a irin wannan rami, kuma idan ya toshe, hayaƙin zai nemi wata hanya. Ya kwanta ƙarƙashin motar ya duba salansar janareta ko ta tsage, ya tabbatar bakinta ya leƙo waje bai tsaya ƙarƙashin daɓe ba. Ya kunna murhu ya kalli harshen wutar: shuɗi ne, ba rawaya ba. Sannan ya karɓi alƙalamin yara ya rubuta watan da shekarar a gefen kowace na'ura, inda za a gani ba sai an ciro ta ba. Da yamma muka tara yaran aka danna kowace, don su san muryoyinsu: ƙara uku a jere hayaƙi ne, huɗu a jere kabon monoksaid, kuma ko wacce aka ji, waje ake yi tukuna a yi tambaya daga baya.

A North Platte muka hau hasumiyar kallo muka ga Bailey Yard, filin da kamfanin Union Pacific ke rarraba taragun jirgin ƙasa, mafi girma irinsa a duniya. Kawu ya daɗe a tsaye yana kallo, ya yi zancen tashar jirgin Zariya a zamanin ƙuruciyarsa, bai ce komai ba bayan haka. Muka karkata kudu maso yamma zuwa Denver, mai tsayin mita 1,609 daga teku, inda filin da muka yi ta ratsawa ya ƙare kwatsam a gindin duwatsu.

Daga nan hawa ne. Motar ta riƙa nishi a layin dama tare da tireloli, domin injin da ba shi da abin cusa masa iska yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa. Muka shiga ramin Eisenhower, hanyar mota da aka huda ta cikin dutse, wanda aka buɗe a 1973, a tsayin mita 3,400. Tankokin mai da sauran masu ɗauke da kaya masu haɗari sukan bi ta saman dutsen ne ta Loveland Pass. Muka sauka, muka sake hawa ta Fremont Pass, muka wuce mahaƙar Climax, muka isa Leadville. Garin ya tashi ne da haƙar azurfa a ƙarshen shekarun 1870, yana zaune a kusan mita 3,100. Na gaya wa Kawu cewa titin da muke tsaye a kai ya fi ƙololuwar Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya mai mita 2,419, da kusan mita 700. Ganyen bishiyoyin kan gangare duk ya koma rawaya, Dutsen Elbert mai mita 4,401 kuma ya riga ya yi fari a ka.

Kafin magariba kan Kawu ya fara ciwo. Ya ce zuciyarsa na tashi, jiri na ɗibarsa idan ya miƙe. Babban yaron ma ya kwanta. Nan ne na gane wahalar wurin. Ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala: alamomin hawa tsauni ke nan, kuma su ne dai alamomin kabon monoksaid, ba ragi ba ƙari. Dalilin ma kusan ɗaya ne. A kan tsauni iskar numfashi ce ta yi ƙaranci. Ita kuwa waccan iska kama jini take yi, ta fi iskar numfashi manne wa sinadarin jini sama da sau 200, sai jinin ya yi ta zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata. Ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum a wannan tsayi, hita na aiki, tagogi a rufe, ba shi da yadda zai bambance da jikinsa. Na duba allon, sifili. Na danna maɓallin da ke nuna adadi mafi yawa da ta taɓa ji, shi ma sifili. Muka ba su ruwa da yawa, suka huta. Shinkafar uwargida ma ta ƙi nuna da wuri, don a nan ruwa na tafasa ne a wajen digiri 90.

Mun kwana a wani fili na tsakuwa a bakin daji, inda wasu motoci suka riga mu, yawancinsu na maharba, don lokacin farauta ne. Sanyi ya sauka sosai. Uwargida ta ce ko a bar murhu a kunne ya ƙara ɗumi, Kawu daga kwance ya ce a'a. Hitar motar tana ƙona gas ɗinta ne a rufaffen akwati, ta jawo iska daga waje ta mayar da hayaƙi waje. Murhu kuwa a cikin ɗakin yake ci yake fitarwa. Ya kawo zancen da duk wanda ya tashi a Arewa ya sani, na masu shiga ɗaki da kaskon garwashi a hunturu su toshe ƙofa da taga, da na iyalan da ake tararwa da safe bayan an kwana da janareta a baranda ko a lungun gida. Ya ce a da har aljanu ake ɗora wa laifin, ko a ce guba aka sa musu a abinci. A Amurka ma, da duk na'urorinsu, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ce sama da mutum 400 ke mutuwa duk shekara ta wannan iska ba tare da gobara ba, fiye da 100,000 kuma su je asibiti.

Na tashi kafin asuba zan yi alwala, sai na ga allon ba sifili yake nunawa ba. Arba'in da wani abu. Ƙararrawar ba ta yi ƙara ba, kuma daidai ta yi. An tsara su ne su jira: idan iskar ta kai kashi 70 cikin miliyan, sai bayan awa 1 zuwa 4 za su tashi, a 150, cikin minti 10 zuwa 50, a 400, cikin minti 4 zuwa 15. An yi haka don kada su riƙa tashin mutane a kan ɗan abin da zai wuce. Amma wannan lissafi na lafiyayyen baligi ne a ƙasa, ni kuma ina da dattijo da yara a inda jininsu ya riga ya yi ƙarancin iska. Na kashe hita, na buɗe ƙofa, na tashe su.

Ba daga wurinmu take ba. Wata mota ta iso cikin dare ta faka kusa da mu, mai ita ya sauke ƙaramin janareta ya ajiye a tsakanin motocin biyu, ya juya bakin salansar nesa da tasa tagar, wato zuwa tamu. Mu kuma mun bar fankar rufin banɗaki tana jan iska waje saboda raɓar numfashi, da taga ɗaya a ɗan buɗe. Duk iskar da fanka ta fitar, sai wata ta shigo ta cike gurbinta, kuma ta tagar da ke saitin janaretan take shigowa. Ga shi inji a wannan tsayi ba ya samun isasshiyar iska, mai ya yi masa yawa, hayaƙinsa ya fi dafi. Shawarar da ake bayarwa ita ce janareta ya yi nisan aƙalla mita 6 daga kowace taga ko ƙofa. Wannan bai kai mita 2 ba.

Na ƙwanƙwasa wa mutumin. Ya fito cikin barci, na nuna masa lambar da na ɗauka a waya. Bai yi gardama ba, ya ba da haƙuri, ya ja janaretan zuwa bayan motarsa inda iska ke kaɗawa daji. Kawu, da ke tsaye cikin bargo da hular sanyi, ya ce in tambaye shi ko tasa motar na da na'urar. Ya ce akwai. Kawu ya ce in ce masa ya duba bayanta. Muka shimfiɗa darduma a kan tsakuwa mai sanyi muka fuskanci arewa maso gabas, kafin mu idar lambar ta koma sifili.

Da rana muka gangara kudu, muna bin kogin Arkansas da ke farowa daga waɗannan duwatsu, zuwa Buena Vista, inda kan Kawu ya sake shi. A wani shagon kayan gini ya ce in tsaya. Ya je layin na'urorin ya yi ta juya kwalaye yana neman ranar ƙira, ya ajiye waɗanda suka daɗe a kanta. Na nuna masa mai batirin da aka rufe a ciki na shekara 10, ya ƙi, ya ce shi mai cin batirin rediyo yake so, wanda zai samu a kasuwar Sabon Gari. Ya ɗauki biyu, ɗaya ta ɗakinsa, ɗaya ta ɗakin da ke jikin rumfar janareta inda jikokinsa na gida suke kwana, ya ƙi bari in biya.